Ragon Abu Nasir

Duk abin da zan manta a aikin kanikanci, ban da wata Alhamis da na yi a gindin dutsen Tuwaiƙ, yamma da Riyad. Ku yaran gareji da kuke ganin bin masu manyan babura shan iska ne, ku matso ku ji.

A tsakiyar shekarun casa'in ina aiki a wani garejin gyaran manyan babura. Mai wurin shi ne kafilina, wato wanda ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar, kuma sai da yardarsa nake fita daga cikinta. Ɗansa Fahad ne manaja, ni ne babban makanike. A lokacin Alhamis da Juma'a ne hutun mako. A ranakun nan Fahad kan kwashi abokan cinikinmu su tafi bin tsofaffin hanyoyin raƙuma, waɗanda mutanen dā suka jera da duwatsu a jikin tsauni saboda ayari. Tsarin aikin shi ne su gangara ta kan dutse da babura, ni kuma in zagaya ta kwari da a-kori-kura ɗauke da mai, ruwa da kayan gyara, mu haɗu a ƙasa.

Ranar nan kuwa ranar tafiyata gida ce. Na bar matata da ciki a Maraɗi, ta haifi Hadiza, yarinya har ta iya magana ba ta san ni ba sai a hoto. Da ƙyar kafili ya ba ni hutu, kuma ya faɗa mini ƙarara cewa in jirgin ya wuce ni, sai baɗi. Jirgi zai tashi bayan isha'i. Fasfo da tikiti suna aljihuna, na cika ƙatuwar akwati da tsaraba, har da 'yar tsana mai rufe ido.

Da sassafe sai ga Fahad da wani Bature injiniya, Mista Hans. "Yalla ya Sani, ɗauko mota. Kusa ne, kafin azahar mun dawo."

Na ce, "Ranka ya daɗe, yau fa jirgina."

Ya ce, "Ma fi mushkila! Sa akwatinka a mota, ni da kaina zan kai ka filin jirgi."

Duk wanda ya yi aiki da Fahad ya san in ya ce ba matsala, to matsalar ce ta yi sallama. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na ɗora akwati muka kama hanya.

Na isa ƙasan dutse na yi ta jira har rana ta take tsaka. Can na hango abin takaici: raƙumi a gaba, wani tsoho makiyayi yana jan akalarsa, babur ɗin Mista Hans a ɗaure da igiya a bayan raƙumin, shi kuma Baturen yana ɗingishi yana dariya yana ɗaukar hoto, Fahad na biye da su a kan nasa babur. Wai ya saki hannu ne don ya nuna wa Fahad wani tsohon gini, sai dutse ya kwashe shi. Na duba na ga cikin injin ya fashe, baƙin mai ya tsiyaye kaf. Ba gyaran daji ba ne. Muka ɗora babur ɗin a mota, na ce to alhamdu lillahi, mu juya.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Tsohon nan, Abu Nasir, ya ce sai mun sha gahawa a tantinsa. Muka sha. Muna miƙewa ya riƙe hannun Fahad, ya ɗaga murya ya ce, "Na rantse, matata ta saku in kuka bar nan ba ku ci naman ragona ba!"

Fahad ya koma ya zauna. Na ce, "Me muke jira?" Ya jawo ni gefe ya bayyana mini cewa a wurin mutanen nan wannan ba wasa ba ne. In muka tashi ba mu ci ba, aure ya mutu, kuma mu ne muka kashe shi.

Na ce, "To ina ragon?"

Ya nuna mini. Rago na can bakin kwari yana kiwonsa, lafiyarsa ƙalau, ko kama shi ba a yi ba.

Wallahi raina bai taɓa ɓaci kamar ranar ba. Ni ban san matar nan ba, ban halarci ɗaurin aurenta ba, amma ga igiyar aurenta an ɗaura mini a wuya. Tsoho ya kama rago cikin natsuwa, ya wasa wuƙa yana ba da labarin ayarin kakansa. Mista Hans kuwa murna ta cika shi, yana cewa wannan ce tafiya mafi daɗi da ya taɓa yi. Aka yi la'asar ba a ko gama fiɗa ba, balle a dafa shinkafa. Na ce zan taya tsohon, ya fizge wuƙar ya ce baƙo ba ya aiki a gidansa.

Na kasa daurewa. Na tsaya a bakin tanti na ce da ɗan Larabcina, "Ya Baba, ka ji tsoron Allah! Ina da 'ya ban taɓa ganinta ba, jirgina yau ne!"

Sai wata murya ta fito daga bayan labulen da ya raba ɓangaren mata. Matar ce, Ummu Nasir. Ta ce da mijin, "Kai tsoho, nama ka ce, ba ka ce shinkafa ba. Gasa wa bawan Allah hanta ya tafi." Sannan ta ce da ni, "Yi haƙuri ɗana. Ba wanda zai gifta ta nan bai jinginar masa da aurena ba."

Aka jefa hanta a garwashi. Na haɗiye ta da zafinta, rabi ɗanya. Na ce da Fahad mu tafi, sai ya ce shi ɗan ƙasa ne, in ya tashi kafin a kawo babban tire ya kunyata ubansa. Ga shi kuma in na zagaya ta kwari da mota, jirgi ya tafi. Hanya ɗaya ta rage, wato in haye dutsen in faɗa kan kwalta. Ya miƙo mini makullin babur ɗinsa.

Ni da nake zagin hanyar nan kullum, ni na hau ta. Akwati ba ta hawa babur, a can na bar ta. Ina tayar da inji aka miƙo mini ƙullin dabino daga bayan labule, na cusa a riga. Yadda na hau kada ku tambaye ni. Kwana a kan kwana, dutse a dama, rami a hagu, na karanta duk addu'ar da na sani har da ta shiga kasuwa. Na ajiye babur a gareji, na tari tasi, na isa Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid da kayan aiki a jikina, ana shirin rufe ƙofar jirgi.

Abin da na koya shi ne, a wannan sana'a injin da ya fashe ba shi ne abin tsoro ba, yana da gyara. Ku ji tsoron manajan da ya ce kusa ne, da mai karamcin da ba ya tambayar baƙo inda za shi.

Na shiga gida Maraɗi hannu rabbana, ina warin baƙin mai. Hadiza ta gan ni ta ruga bayan uwarta. Na durƙusa na laluba riga, ba 'yar tsana, ba komai sai ƙullin dabinon Ummu Nasir. Na miƙa mata ɗaya. Ta daɗe tana kallona, sannan ta tako ta karɓa.