Na Hana Yarinya Karatu Don Uwarta Ta Ƙi Faɗin Sunanta

Edita, sallama gare ka da masu karatu. Kada ka sa sunana, ni ma ba zan kama sunan kowa ba.

Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara arba'in da 'yan kai, ina zaune unguwar Runjin Sambo a Sakkwato da matata da 'ya'yana. Bokona ya tsaya a aji uku na sakandare, shekarar da mahaifina ya rasu. Na yi masinja, na yi gadi, na ja keke napep har bayana ya ƙi. Ina cikin mutanen nan da Turancinsu ya isa su raina na ƙauye, amma bai isa a ba su kujera a ofis ba. Waɗanda muka zauna benci ɗaya da su sun zama daraktoci, in mun haɗu wurin jana'iza sai su miƙo mini yatsu biyu suna duban wani wuri. Wannan ciwon na daɗe da shi a ciki. Ba don a tausaya mini na faɗe shi ba, na faɗa ne don a gane irin mutumin da aka miƙa wa biro.

A shekarun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyukan gabas, mutane suka kwararo cikin Sakkwato, galibi mata da yara. Duk kangon da aka fara ginawa aka bari, sai ka ga an rataya buhu a ƙofarsa, ana hura wuta a ciki. Wata ƙungiyar agaji ta zo da shirin sa 'ya'yansu makaranta. Aka shirya da wata firamare a yi musu ajin yamma bayan 'yan safe sun tashi, a ba kowane yaro jaka da littattafai da takalmi. Suna neman ɗan unguwa da zai tsaya tsakanin ofishinsu da makaranta da iyaye, mai unguwa ya ba da sunana don na san kowane lungu. Aka ba ni riga mai aljihu shida da kati na ratayawa a wuya. Gaskiya zan faɗa, har masallaci na riƙa shiga da katin nan.

Guraben ba su da yawa, kuma mutanen gari sun gano ana raba jaka. Sai ka ga matar da ke da gida da miji ta ara wa 'yar gudun hijira yaranta biyu, a rubuta su a matsayin nata. Na kama irin wannan har sau uku, raina ya ɓaci, na zauna na ƙirƙiro dabara. Ranar rajista sai a raba uwa da yara. A kai yaran bayan aji, malami ya tambaye su sunansu ya rubuta. Uwa kuma ta zo gaban teburina ta jero sunayen 'ya'yanta ba tsayawa. In ya dace da na takarda, a shigar. In ta yi inda-inda a kan wani, a soke shi. Shugabarmu a ofis wata mata ce 'yar Kudu, mai kirki, Hausarta ta gaisuwa ce kawai. Da ta ga dabarar tana kama masu maguɗi, ta ce ba ta taɓa aiki da mai basira kamata ba. Tun da aka haife ni ba wanda ya taɓa gaya mini haka.

Ranar da abin ya faru cikin bazara ne, rana kamar za ta narka kwano, layi ya kai bakin ƙofar makaranta. Wata mata doguwa ta iso gabana, mayafinta ya koɗe, an harbe mijinta a gona. Yara uku ta kawo. Ta faɗi sunan ƙananan biyu nan take. Na ce saura ɗaya. Sai ta ja mayafi ta rufe baki, ta yi 'yar dariya, ta ce ai babbar ce. Na ce babba ba suna ba ne, suna nake so. Ta sunkuyar da kai, sannan ta juya ga matar da ke bayanta ta ce don Allah ta faɗa mini. Nan na buga tebur. Na ce ashe sai an tuna mata sunan 'yar da ta haifa? Na ce ko akuya ba a nuna mata nata. Na ce sun zo garinmu an ba su kango, an ba su ruwa, yanzu kuma za su koya mana ƙarya. Na ja layi a kan sunan yarinyar, na ce a matsa.

Wata tsohuwa a cikin layi ta ɗaga murya ta ce, "Malam, ɗiyar hwari ta." Na ji ta. Na daɗe ina gaya wa kaina hayaniya ta yi yawa ban ji ba, amma na ji, kuma a daidai lokacin na gane. Wane Bahaushe ne bai san uwa ba ta kama sunan ɗan fari ba? Uwata da ta haife ni har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran yayana da sunansa ba, wancan take ce masa. Matan birni ne suka fara sakin abin, na ƙauye suna nan riƙe da alkunyarsu. Amma shugabar tana tsaye a kaina da wayarta tana ɗaukar hoto, ta tambaye ni da Turanci me ya faru, na ce mata mun sake kama ɗaya. Ta gyaɗa kai. Na juya ga tsohuwar na ce ta bar mini wannan ƙauyancin, nan ofis ne.

Aka fara karatu. Ƙannen biyu suna zuwa da jakunkunansu, yarinyar ce ke rako su. Ba za ta wuce shekara goma sha ɗaya ba. In sun shiga sai ta tsaya bakin taga, ba ta zama, ba ta wasa, har a tashi. Malamar ajin dattijuwa ce da ta kusa ritaya, irin waɗanda ba su tsoron kowa. Ta kira ni ta ce yarinyar nan ta kai aji huɗu a ƙauyensu, in an rubuta abu a allo, kafin na ciki su haɗa baƙi ita ta karanta daga waje. Ta shigar da ita ta zaunar a ƙasa can baya. Ni kuwa na san 'yan ofis suna zuwa ba sanarwa su ƙirga kawuna su gwada da rajista, in kai ya fi suna ni za a tambaya. Na ce a fitar da ita. Malamar ta dube ni daga kati har takalmi, ta ce ta san uwata, ta san yayana, in gaya mata da wane suna tsohuwa take kiransa. Ta ce ɗan boko rabi ya fi jahili wuyar sha'ani, don jahili in an gaya masa yana ji. Na ce zan gyara, ta ba ni mako guda. Yarinyar ta koma bakin taga.

Mako ya wuce ban gyara ba, ga kuma dalili. A cikin makon aka kira taron bita a wani otal, aka tara duk masu irin aikina na sauran unguwanni. Shugabar ta kira ni gaba, ta ba ni makirfo in bayyana dabarata. Ni da nake share ofis a da, yau ga masu digiri suna rubuta abin da nake faɗa. Maganar tana kan harshena. Jimla ɗaya ce, in ce amma a kula da ɗan fari. In na faɗe ta, za a tambayi yadda na yi da nawa 'yan farin. Na haɗiye. Aka tafa mini, aka ba mu shinkafa da kaza, aka buga dabarar a takarda aka raba wa kowa ya je ya yi aiki da ita. Da na koma gida na buɗe tsohuwar takardar rajista, na bi sunayen da na ja wa layi. Ban da 'yan maguɗin nan na farko, kusan duk manyan 'ya'ya ne. Na rufe takardar na tura ƙarƙashin katifa.

Haka na yi ta ɗagawa. In na ce gobe, sai gobe ta zo da wani aiki. Na koma shiga makarantar ta ƙofar baya don kada in bi ta gaban tagar. Malamar ta daina amsa gaisuwata. Wata rana na bi ta wurin bisa mantuwa, na ga ba kowa a bakin tagar, kuma wallahi abin da na fara ji sauƙi ne. Sai ƙarshen zango, bayan an yi hutu, na iya shiga ofis na gaya wa shugabar komai. Ta dafe kai, ta ce me ya sa ba wanda ya gaya mata akwai irin wannan al'ada, ita don me aka ɗauke ni aiki in ba don in san abin da ba ta sani ba? Na yi zaton za a ce rajista ta rufe, kwamfuta ba ta karɓa, a jira baɗi. Kwana biyu kacal aka yi aka buɗe rajistar, aka aika wa sauran unguwanni su daina aiki da dabarar. Kwana biyu, Edita. Abin da na kwashe wata uku ina tsoro ke nan.

Na ɗauki sabon fom na nemi matar, na same ta a wani kango wajen unguwar Gidan Dare. Ta gane ni. Ta shimfiɗa mini buhu, ta sa ƙaramin ya kawo mini ruwa a moɗa, ta gaishe ni da aiki. Da ta zage ni da ya fi mini. Na ce na zo in shigar da babbar. Ta ce ai ba ta nan. Wata mata mai kai yara aikatau ta zo kangon mako uku da suka wuce, ta ce akwai gidan kirki a wani gari da ke son yarinya mai hankali, har makaranta za su sa ta. Uwar ta ce ita ba ta so ba, yarinyar ce ta nace, ta ce ta gaji da tsayuwa a taga, tun da can za a bar ta ta shiga aji gara ta tafi. Lambar wayar da matar ta bari tun kwana na uku ba ta shiga. Ba wanda ya san gidanta, ba wanda ya san garin.

Na ce za mu nema, ofis zai taimaka, a ba ni bayaninta. Na ɗora biro a kan takarda, na juya ga ƙanen don ya faɗa mini sunan, wai ni yanzu na koyi ladabi. Kafin yaron ya buɗe baki uwar ta faɗa da kanta. Ta faɗi sunan yarinyar, ta haɗa da na mahaifinta, mijin da na tabbata ba ta taɓa kama sunansa ba yana raye. Ba ta rufe baki ba, ba ta sunkuyar da kai ba. Ta ce, "Rubuta, Malam. Yanzu kullum hwaɗin shi nikai, a tasha, wurin 'yan sanda, ga duk wanda ya tsaya ya saurare ni." Ta sake maimaita shi a hankali don kada in yi kuskuren rubutu.

An nema. An kai rahoto, an bi tashoshi, an yi cigiya. Har ranar da nake rubuta wannan ba a gan ta ba. Shirin ya ƙare, ƙungiyar ta koma wani wuri, na mayar da rigar da katin. Wasu daga cikin manyan yaran da na soke sun shiga aji, wasu iyayensu sun riga sun tashi, ban san inda suka nufa ba. Na sauran unguwannin da aka yi wa aiki da takardata kuwa, ba ni da hanyar sanin adadinsu, kuma ba na jin zan iya ɗaukar sanin.

Ba na ɗora wa matar Kudu laifi, ba ta sani ba. 'Yan bindiga sun kashe uban, Allah zai tambaye su. Mai kai yara aikatau ta ɗauke yarinyar, ita ma za ta amsa nata. Amma tsakanin waɗannan biyun akwai kusan wata uku da yarinyar ke tsaye a wurin da ya kamata, tana jira a ce ta shigo, kuma ni ne a bakin ƙofar. Kuskuren ranar rajista na minti ɗaya ne, zafi da hayaniya suna iya sa kowa. Abin da ba ni da uzurinsa shi ne shirun da ya biyo baya, don kawai kada a janye tafin da aka yi mini.

Ku da ake ɗauka daga cikinmu a rataya muku kati, ku sani ba don Turancinku aka ɗauke ku ba, masu ofis sun fi ku shi. An ɗauke ku ne don abin da kuka sha a nono, abin nan da kuke jin kunyar nunawa a gaban baƙi. In mace ta yi shiru a gaban teburinku, ku tambayi dalili kafin ku ja layi. In kuma kun riga kun ja, ku koma ku goge a ranar, kada ku kwana da shi. Ni na nemi uwa ta faɗi sunan ɗiyarta ta fari a gaban jama'a, na ce in ba haka ba ƙarya take. Yau tana faɗinsa a kowace tasha ta garin nan, kuma ba mai amsawa.