Ranar da Dakta Rabi Ta Hana Ni Ƙara Ƙarfe

Ko zan manta da komai na shekarun aikina, ba zan manta da wata Laraba cikin kaka ba, ranar da Dakta Rabi ta miƙo mini takarda a ninke ta ce in sa a aljihu. Lokacin ni ne foman na masu walda a wata ƙaramar masana'antar injinan noma da ke Diko, a bakin babban titin Kaduna.

Ga waɗanda ba su san tsarin ba, ga yadda aiki ke tafiya. Sashen zane da ƙirƙira su ke fitar da injin a takarda. Mu kuma mu yanka ƙarfe mu haɗa samfuri guda. A gwada shi, a koma a gyara zanen, sannan manaja ya sa hannu a fara ƙerawa da yawa.

Da aka ce an ɗauki dakta a sashen zane, wasu cikinmu sun zaci likita aka kawo mana. Sai ga mace 'yar siririya, 'yar Zariya, tana haya a Kurmin Sarki, mijinta na aiki a Abuja. Digirinta na uku a kan girgizar injina ta yi shi. Na ce a raina, shekara da shekaru ana karatun girgiza? Mu da muke cikinta kullum fa?

A lokacin muna cikin masifa da wani injin casar masara da ƙungiyar manoman Iku ta sa mu ƙera. Shaf ɗinsa, wato sandar ƙarfen da ke juya gangar casa, ya karye sau uku. A na ukun, gutsuren ƙarfe ya huda murfi ya wuce ta gefen ƙafar wani manomi. Allah ne ya kiyaye. Manaja ya kira ni ofis.

"Malam Isiyaku, in ya sake karyewa zan rufe wannan ɓangaren. Kuma mutane na cewa waldarku ce."

"Ranka ya daɗe, a ba ni shaf mai kauri, in ƙara wa gangar ƙarfe. Ba zai sake ba."

Abin da na yi ke nan sau biyu a baya, amma ban san wata dabara ba.

Washegari Dakta Rabi ta zo wurinmu da rigar aiki, ta tsuguna gaban karyayyun shaf ɗin uku, ta daɗe tana duba bakin karayar. Sannan ta ɗago.

"Baba, waldarku lafiya lau take. Amma in tambaye ka, kafin ya karye, kukan injin yana canzawa?"

Wata uku ina jin wani gurnani da ke shigowa idan injin ya ɗau gudu, ban taɓa faɗa wa kowa ba, don ba wanda ya tambaye ni. Na kwaikwaya mata shi da baki. Abokan aikina suka kwashe da dariya, ita kuwa ta rubuta. Ta auna tsawon shaf, ta sa aka ɗora gangar a sikeli, ta koma ofishinta. Kwana biyu ba mu gan ta ba.

Ranar Larabar ta sa muka ɗaura sabon shaf irin na da, muka ja kowa baya, muka kafa allon ƙarfe tsakaninmu da injin. Nan ta ba ni takardar. Wani ya riƙe na'urar auna gudun juyi, aka fara ƙara wuta a hankali. Injin na tafiya sumul. Ana ƙarawa, ana ƙarawa, sai gurnanin nan ya shigo. Ƙafafun injin suka fara buga siminti, sifana da ke kan murfi ta yi tsalle ta faɗo.

"A kashe! Baba, duba na'urar, sannan ka buɗe takardarka."

Lambar da ke kan na'urar ita ce a takardar, bambancin bai kai a faɗa ba. Na shekara talatin ina taɓa ƙarfe, ban san ana iya zama a kujera da biro a san lokacin da zai fusata ba. Wani Bagwari abokin aikina ya riƙe baki ya ce mata, "Oga, wannan ba duba ba ne kuwa?"

Ta yi dariya. "Ba duba ba ne, lilo ne. In kana tura yaro a lilo daidai lokacin da yake dawowa, da ɗan yatsa ma za ka kai shi sama. Kowane shaf yana da gudun da yake lilo a kansa. Namu ya faɗa daidai gudun aikinsa. Duk ƙarfen da aka ƙara wa gangar, ƙara jawo shi wurin aka yi."

Wato da hannuna na yi ta ƙara ciwon. Ba ta faɗi haka ba, ko a gaban manaja. Cewa ta yi kunnen foman ne ya nuna mata hanya.

Gyaran ya ba ni kunya don ƙanƙantarsa. Muka matso da boris ɗaya, wato zoben da ke riƙe shaf yana juyawa, ya shigo ciki kamar faɗin tafin hannu, muka cire ƙarfen da na ƙara. Ranar Asabar muka kai injin Iku. Shugaban ƙungiyar ya tsaya can nesa bayan bishiyar mangwaro, bai yarda ba. Aka yi ta zuba masara tun hantsi har la'asar. Sai ga shi ya matso, ya ɗora tafinsa kan murfin, ya bar shi a nan yana jinjina kai. Ba a rufe ɓangarenmu ba.

Ku matasa da ke tambayata ko mai digiri na uku yana da abin yi a wuri irin namu, to ni na gani da idona. Karatun nan haƙuri ya koya mata, ta zauna da tambaya ɗaya har ta ba da amsa. Mu masu hannu muna jin abubuwa da yawa da ba mu san sunansu ba, su kuma sun san sunayen amma sai sun sauko sun tambaye mu. Tun daga ranar, in ƙarfe ya karye a hannuna, ba na fara neman wanda ya fi shi kauri. Tambaya nake fara yi, me ya karya shi?