Saniyar Illa Palanto

Shekara goma sha tara Illa ya yi yana aikin palanto a biron likitan dabbobi na Tawa. Shara shi, kai takarda shi, ko baƙi ɗaya bai iya karantawa ba. Amma ɗan Affala ne, cikin shanu ya tashi, babu rijiya a arewacin Adar da bai sha ruwanta ba. Ni ke buga tafireta a biron, kuma har yau ina jin haushin yadda muka mai da shi ɗan sayo goro.

Da aka samu ƴancin kai Bature ya tattara nasa-ya-nasa, aka kawo mana sabon shugaba, Attaher, daga Yamai, matashi mai ilimi da zafin nama, sai dai gaggawa. A shekararsa ta uku cutar bushiya ta faɗa wa shanu. Aka aiko da allurar rigakafi cikin akwatunan ƙanƙara, aka ce kwana huɗu za ta yi kafin ta lalace.

Attaher ya tura gardi biyu, dogaran gwamnati masu jar hula, da takarda, wai kowa ya kawo garkensa Barmu. Makiyaya na ganin jar hula suka ce jangali ne, suka kaɗa shanu suka yi daji. Kwana biyu muna zaune a Barmu, ko ɗan maraƙi ba mu gani ba, ruwa na ɗiga daga akwatunan.

Sai Illa ya matso ya cire hula.

"Ranka shi daɗe, wanda ka aika ma gardi, gudu shika yi. Mu tahi rijiyar Affala gobe da hantsi, lokacin shayarwa. Ban da gardi, ban da takarda."

"In sun ƙiya hwa?"

"Ina da saniya guda can. Da ita za mu hwarawa."

Ita kaɗai ya mallaka a duniya, ga ta da ciki, ga mutane na cewa allurar tana sa ɓari. Shi ma tsoron yake ji.

A bakin rijiya ya riƙe ƙahonta da kansa, Attaher ya tsira mata allura. Ta zabura, ta girgiza, ta koma ta kafa kai a kwami tana shan ruwa abinta. Wani dattijon Buzu mai suna Rissa ya zauna yana kallonta har rana ta take tsaka, da ya ga ba abin da ya same ta, sai ya miƙe ya ƙwala wa ƴaƴansa kira su koro shanu.

Kai, ranar mun ga shanu! Fari da ja, gabas da yamma, kuka da ihu, har ni mai tafireta na tuɓe riga ina kama ƙafa. Kashegari da la'asar kwalbar ƙarshe ta ƙare, ƙanƙara da sauranta.

Attaher ya zube ƙasa, hannunsa ya kumbura. Ya ɗago, a gabanmu duka, ya ce, "Baba Illa, in wata allurar ta zo, wace rijiya za mu nuhwa?"