Ritayar Tokuji Direban Bas

Tokuji Kuwahara shi ne direban bas ɗin ƙauyen Okunose, can cikin duwatsun Shikoku a ƙasar Japan, kuma duk yankin ba wanda ya kai shi yawan yin ritaya. Ta farko yana da shekara sittin. Aka yi walima, aka ba shi furanni, ya yi jawabi har da hawaye. Bai rufa wata a gida ba sai ga Hirose, ma'aikacin ofishin gari, yana ta sunkuye-sunkuye a bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, a taimaka. Mun yi cigiya har birni, ba yaron da ya amsa. Shekara ɗaya tak, kafin mu samu wani."

Tokuji ya yi ɗan jan aji, sannan ya ɗauko hularsa. Matarsa Sumiye kuwa har da raka Hirose bakin titi da ledar lemo.

Tana da dalilinta. A ɗan zaman da ya yi, Tokuji ya mayar da gidan tasha. Ya sauya wa tukwane wuri, ya koya mata wankin shinkafar da ta shekara talatin tana wankewa. In za su fita sai ya tsaya yana nuni da yatsa kamar yadda direbobin Japan ke yi kafin su tashi mota, yana shela: "Gas a kashe! Taga a rufe!"

Shekara ɗaya ta zama biyar, aka sake walima, aka sake dawo da shi. A walimar ritaya ta uku, tsohuwa Matsu, wadda kullum yake kaiwa asibiti, ta tare shi.

"Kai Tokuji, wannan karon da gaske ne, ko mu adana kuɗin furenmu?"

Da ya haura saba'in likitan ido ya ce ya isa haka. Hirose ya zo da albishir cewa an samu magaji. Tokuji ya kwana biyu yana shirya nasihar da zai yi wa yaron, daga kwanar bakin gada har ramin gaban gidan mai. Ranar walima aka ce sabon direba ya shigo. Sai ga Sumiye, da hula da farar safar hannu.

Tokuji ya saki baki. "Ke! Ba ajin jera furanni kike zuwa birni ba?"

"Makarantar tuƙi ce, Baban Yoko. Gidan nan ba ya ɗaukar mu biyu da rana. Tunda kai ka shigo, ni na fita."

Jama'a suka kwashe da dariya, har Hirose ya ƙware da shayi.

Tokuji ya yi fushi na sati guda, yana cin shinkafar da ya dafa da kansa, rabi ɗanya rabi ƙonanna. Daga nan ya fara sayen tikiti yana zama bayan kujerar direba.

"Rage wuta! Ga kwana nan!"

"Na gan ta, fasinja. A zauna da kyau."

Fasinjoji suka kai ƙara ofis, wai surutunsa na hana su gyangyaɗi. Hirose ya yi dabara, ya ɗauke shi aikin yaron mota, ya riƙa kama hannun tsofaffi suna hawa, yana sauke musu kayan cefane, da sharaɗin kujerarsa tana can ƙarshen bas. Albashin bai taka kara ya karya ba, amma akwai hula, saboda haka ya karɓa.

Har yanzu suna kan hanyar tare. Fasinjoji na cewa birkin Sumiye ya fi nasa laushi. Tokuji ya ce ba wani abu ba ne, tayoyi aka sauya.