Takardar da ke aljihun mahaifina

Shekarun baya, tun Faransawa na mulki, mahaifina direban wani attajiri ne a Dakoro, yana kai gyaɗa Maradi. A soja ya koyi tuƙi. Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba, ba ya haɗa ido da ni, ba ya yabona gaban kowa. Haka al'adarmu take, kuma shi ya riƙe ta da ƙarfi fiye da kowa.

Da idonsa ya fara yin yana, ganinsa na raguwa, sai ya soma ɗaukata a mota. Bai ce zai koya mini ba. Idan mun fita daga gari sai ya sauka ya bar mini sitiyari, ya zagayo ya zauna gefena, ya yi ta magana da motar. Ya ce mota ba ta son a take ta cikin rairayi, mota na son a lallaɓa ta a gangara. Ni kuwa in yi ta zufa ina kashe inji, shi yana ba motar haƙuri. Da rani ya ƙare na iya, har nakan faɗa masa akwai rami gaba idan shi ke tuƙi.

Mai motar ya lura. Ya ce in na samu permi, wato takardar izinin tuƙi, kafin a fara sayen gyaɗa, zai bar motar a gidanmu. In ba haka ba zai nemi wani. Da motar nan muke ci, mu tara a gida.

Muka tafi Maradi ranar gwaji. Sai mai shekara goma sha takwas ake gwadawa, ni kuma ba ni da takardar haihuwa, ga ni ɗan tsurut kamar ba a ba ni fura. Baturen da ke gwajin ya sa tafinta ya tambayi mahaifina ko ni ɗansa ne, shekaruna nawa, kuma na iya tuƙi. Biro, wato ofishin, cike da mutane, har da tsofaffin abokansa na soja. Mahaifina ya dafe aljihun rigarsa, ya sunkuyar da kai.

Tafinta ya rage murya ya ce, "Baba, ka yi magana, nan ba gida ba ne."

"A tambayi ƙanena," in ji mahaifina. "Ni mi zan ce kan yaron ga?"

Ƙanen nasa kuwa yana can Roumbou wajen dabbobi. Baturen ya dube ni sama da ƙasa, ya sa aka rubuta sha biyar. Ko motar gwajin ban taɓa ba.

Na yi fushin da ban taɓa yi ba. Da za mu koma ya zagaya gefen fasinja kamar kullum, ni kuwa na haye baya kan buhuna na bar shi da sitiyari. Na ji yadda yake faɗawa ramuka ɗaya bayan ɗaya, ban ce uffan ba.

Wata biyu bayan haka, da rana tsaka, ya buge raƙumi a hanyar Mai Yara. Bai gan shi ba sam. Mai motar ya karɓi makulli, muka koma gona. Kafin shekara idon ya rufe gaba ɗaya, kuma damina biyu bayan nan ya rasu. Sai bayan rasuwarsa na samu permi.

Ranar da na kawo permin gida, mahaifiyata ta ɗauko mini ɗan littafinsa na soja. A ciki an rubuta sunana da shekarar da aka haife ni, ta nuna na cika sha takwas tun kafin mu je Maradi. Ta ce a daren tafiyar shi da kansa ya sa ta nemo littafin, ya saka a aljihu.

Na yi tuƙi shekara da shekaru, kuma har yau ban san ko na yafe masa shirun ba, ko shi ya yafe mini hawa bayan mota. Abin yana mini ciwo. Da ɗana na fari ya isa gwaji, na raka shi na faɗi sunansa da shekarunsa da ƙarfi tun ba a tambaye ni ba. Ma'aikacin ya ce ba sai na yi ba, duk yana cikin takarda.