Tantin Habboba a Jabal Auliya

Ko da zan manta duk abin da na karanta a jami'a, ranar da na kai kakata kwana bakin ruwa ba za ta fita daga raina ba.

Lokacin ina shekarar farko a jami'a, muna zaune a unguwar Mayo da ke Khartoum, kafin yaƙin nan ya watsa mu. Kakata, wadda muke kira Habboba kamar yadda ake kiran kaka a Sudan, tana ƙarama iyayenta suka taso da ita daga ƙasar Hausa a ƙafa za su Makka, tafiya ta tsaya musu a Sudan. Da tsufa ya kama ta sai ta tsiro da magana ɗaya: tana so ta kwana a fili, kusa da ruwa, ko sau ɗaya kafin ta mutu. Kawuna ya ƙi, domin likita ya hana ta zama a rana.

Ni mutum ne da ko a taron gida ba a jin muryata. Amma ranar sai na ji bakina ya ce zan nemo tanti, in kafa mata da hannuna a bakin tafkin Jabal Auliya. Kawu ya dube ni ya ce to, amma in azahar ta yi babu inuwa tsayayya a kanta, kalas, magana ta ƙare, mota za ta juyo gida.

Sati biyu na yi ina shiri. Na karanta duk abin da na samu kan zaman tanti, na buɗe littafi na jera kaya: igiya, guduma, gidan sauro, maganinta, gawayi, har allura da zare. Na je Kasuwar Libiya a Omdurman na zaɓo tanti, na kafa shi sau uku a tsakar gida ina duba agogo. Habboba tana kan gadonta tana kallo, tana cewa wannan maigidan nata ya fi duk mazan da ta sani wahalar da kansa.

Abin da ban lura da shi ba shi ne ƙasar gidanmu tauri gare ta kamar bulo. A bakin tafki kuwa yashi ne zalla. Turakun ƙarfen da suka zo da tantin suka riƙa nutsewa kamar cokali a kunu. Na kafa, iska ta taso daga kan ruwa ta kwantar da shi. Na sake, ta sake. A karo na uku tantin ya tashi gaba ɗaya yana birgima, sai da wani masunci ya tare shi da ƙafa dab da ruwa. Iyalan da ke suyar kifi a gefe suka yi ta dariya. Kawu kuwa ya fara mayar da tabarmi cikin mota.

Habboba tana zaune ƙarƙashin wata bagaruwa mai 'yar inuwa, rana ta fara cin ƙafafunta. Ta yafito ni.

"Maigida, me littafin naka ya ce a yi idan ƙasa ta ƙi riƙewa?"

Na ce bai faɗa ba.

"To ajiye shi. Ajiye ƙarafan nan ma."

Ta ce in karyo itatuwa masu tsawon kamu ɗaya, in ɗaure igiya a tsakiyar kowanne. Ta ce in haƙa rami da hannu har sai na taɓa yashi mai danshi, in kwantar da itacen a gicciye, in binne, in zuba ruwa, in tattake. Bayan tantin kuma ya fuskanci iska, ba ƙofarsa ba. Haka uwarta take kafa musu inuwa da zane ɗaya a hanya, in ji ta, ita kuma aikinta tattakewa.

Ana kiran azahar daga ƙauyen masunta na binne na ƙarshe. Kawu ya zo ya kama igiya ya ja da ƙarfinsa, ta ƙi motsi. Sai ya koma mota ya sauko da tabarmin.

Da Habboba ta shiga tantin ta miƙe ƙafa, na tambaye ta me ya sa ba ta gaya mini tun a gida ba, alhali tana kallona sati biyu.

"Ka tambayi littafi, ka tambayi mai shago. Ni wa ya tambaye ni?"

Washegari bayan asuba na same ta a ƙofar tanti tana kallon jiragen masunta, tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa da irin Hausar da mu ba mu iya ba. Ba ta sake ganin tafkin ba.

Ranar na gane cewa na yi ta neman ilimi a nesa, na bar wadda ta yi shekaru a hanya tana zaune taku uku daga inda nake karatu. Littafin nan yana cikin 'yan kayan da na fita da su daga Khartoum. A ƙasan jerin, bayan allura da zare, akwai layin da na ƙara a bakin ruwa da hannu mai yashi: a fara tambayar Habboba.