Kawu Da Kokowar Cikin Akwati

Shekaranjiya na raka jikana wurin mai gyaran babur a Konni, can bakin hanya inda manyan motoci ke tsayawa, sai mai gyaran ya buɗe wani tsohon batir. Warin ruwan nan mai yaji, kamar an jiƙa tsamiya cikin gwangwani mai tsatsa, ya bugi hancina. Ban san sa'ad da na nemi benci na zauna ba. Kai mai karatu, in yaro ne kai, za ka ce wari ne kawai. A wurina warin tele ne, wato akwatin talabijin. Telen farko da ta shigo garinmu da batirin mota take aiki, kuma ita ce ta raba kawuna da filin kokowa.

Garin namu ƙarami ne, ba nisa da Tsarnawa. Ba zan faɗi sunansa ba, don har yanzu akwai masu jin haushin maganar, kuma wasunsu surukaina ne.

Kawu, yayan innata, shi ne mai raba kokowa a garin, kamar yadda ubansa ya yi kafin shi. In kaka ta yi, an yanke hatsi, an ɗaure dammuna, rumbuna sun cika, sai makaɗa su fito bayan la'asar. Gari duk ƙanshin sabuwar fura da hayaƙin kara. Samari su ɗaura walki, su cika damatsa da layu, mu yi da'ira a kan yashin bayan gari. Kawu ya tsaya tsakiya. Ba usur gare shi ba, ba takarda, ido ne kawai da hannun dama. Dokar ɗaya ce: bayanka ko ɗuwawunka ya taɓa ƙasa, ko da na ƙiftawar ido ne, an yi kaye, an gama. Kawu ya ɗaga hannu, shi ke nan. Tun da anka haife ni ban taɓa jin ya ɗaga hannun nan ya sake shawara ba, kuma saboda haka ne 'yan kokowar wasu garuruwa suke yarda su taka yashinmu.

Mai kantin garinmu, wanda ke ɗauko kaya daga ƙetaren iyaka, shi ya zo da akwatin a wata bazara. Ya kafa eriya kan doguwar gora, ya juya ta wajen Sakkwato. In iska ta taɓa ta sai hoton ya watse ya koma kamar an zuba tsaba a faifai, shi kuma ya fita ya murɗa gorar, muna ciki muna ce masa kaɗan, kaɗan, ya wuce, dawo. Ran Asabar da marece ake nuna kokowar Turawa. Sai ya rataya bargo a ƙofar zaure don duhu, mu cika ciki kamar buhunan wake, zufa na haɗuwa da warin batir.

Ni ne tafinta. Na yi lakwal, wato makarantar boko, 'yan shekaru kafin malaminmu, da muke kira mushe, ya gaya wa babana cewa kaina ya fi dacewa da gona, kuma a wannan karon mushe ya faɗi gaskiya. Telen nan Ingilishi take yi, ni kuwa Faransanci na koya, shi ma rabi. Amma mutanen garinmu sun ce Turanci Turanci ne. To, in ƙato ya kama abin magana yana kumfar baki, sai in gyara murya in ce: “Ya ce uban wancan bai taɓa cika rumbu ba.” Har yau ina jiran wanda zai kawo mini shaidar ba haka ya ce ba.

Sunayensu sun fi ƙarfin harshenmu, sai munka raɗa musu namu. Akwai Tulu, wanda ba a gane inda wuyansa ya ƙare cikinsa ya fara. Akwai Mai Gashin Mata. Akwai Mai Takunkumi, wanda ke rufe fuska, maƙerin garinmu ya rantse ɓarawon shanu ne ake nema shi ya sa. Mahauci na bayan Tulu, ya ce mutum mai nama haka ba ya ha'inci. Samari na bayan Mai Gashin Mata don yana hawa igiya ya diro kamar shaho. Kakata ta leƙo sau ɗaya, ta daɗe tana kallo, ta ce duk ƙibar nan an rasa ɗan'uwa ɗaya da zai ba su wando, ta saki bargon ta koma gida.

Kawu sai da anka yi ta roƙonsa kafin ya zo. Anka ba shi buzu a gaba. Ranar nan Tulu ne zai kara da Mai Gashin Mata. Ba a daɗe ba Tulu ya ɗauki abokin karawarsa sama ya maka shi da ƙasa, har akwatin ya yi kamar zai faɗo. Kawu ya ɗaga hannu ya ce, “An yi kaye,” ya miƙe yana laluben takalmansa. Jama'a sunka ce ya zauna, yanzu anka fara. Ya waiwaya, sai ga wanda anka kayar ya tashi yana kaɗa gashi, ba kunya ba komai. Kawu ya daɗe tsaye. Sa'an nan ya kira ni.

“Kai ɗan lakwal, mene ne dokarsu?”

Na ce sai an danne mutum an kwanta a kansa, alƙali ya bugi ƙasa sau uku.

“Alƙalin ma kwanciya yake yi?”

Na ce yana yi.

“To wa ya rage tsaye?”

A ƙarshe Mai Gashin Mata anka ɗaga wa hannu. Kawu ya ce Tulu ya ci, abin da ya biyo bayan kayen farko faɗan mahaukata ne cikin garken igiya. Haka ya riƙa faɗi a kasuwa da bakin rijiya. Munka yi ta dariya. Ba wanda ya yi tsammanin abin zai fito daga zaure.

Amma ya fito. Damina duk, in an tashi daga noma, samari sai su taru kan yashin ƙorama suna danne juna, wasu na hawa kututture suna dirowa. Wanda ya fi kowa zaƙewa shi ne taubashina, babban ɗan kawu, kuma shi ne gwanin garinmu. Dogo ne, ga kafaɗa, in ya shigo fili 'yan mata sai guɗa. Shekaru da dama ba wanda ya kai bayansa ƙasa.

Da kaka ta zo, mutanen wani gari daga wajen Malbaza sunka zo da makaɗansu da nasu gwanin. Gajere ne, baƙi, mai shiru, irin wanda za ka aika sayen goro ba tare da ka dubi fuskarsa ba. Sunka shiga, sunka sunkuya, sunka ɗebi yashi sunka shafa a hannu. Sun ɗan jima suna taɓa kawunan juna. Taubashina ya kai hannu zai kama wuya, gajeren ya nutse ƙarƙashinsa ya ɗauke masa ƙafa. Bayansa ya taɓa ƙasa. Ya mirgina ya tashi nan take kamar kyanwa, amma ya taɓa, kowa ya gani. Hannun kawu ya riga ya tashi.

Baƙon ya yi abin da kowane mai kaye ke yi tun kaka da kakanni. Ya juya baya, ya nufi makaɗansa, ya ɗaga hannuwa zai yi kirari. A filin kokowa mutum na juya baya ba fargaba, don an gama. Nan taubashina ya rugo ya rungume shi ta baya, ya ɗaga shi, ya buga da ƙasa, ya kwanta a kansa. Samarinmu sunka zube a gefe suna bugun yashi da tafin hannu: wan, tu, tiri. Ko da Hausa ba su ƙirga ba. Sunka tashi suna tsalle wai garinmu ya ci.

Kiɗa ya tsaya. Na ga baƙi suna janyo sandunansu daga ƙarƙashin tabarmi, namu dattawan kuma kowa ya sunkuyar da kai. Kawu ya taka a hankali, ya kama ɗansa ta walki ya janye shi kamar mai fitar da akuya daga rumbu. Ya tayar da baƙon. Kafaɗarsa ɗaya ta goce, sai kawu ya ɗaga ɗayan hannun, ya zagaya da shi fili, ya sa anka kira maɗori.

Taubashina yana haki ya ce, “Baba, ba a ƙirga mini ba. A tele sai an ƙirga.”

Kawu ya ce, “To tafi ka shiga akwatin su ƙirga maka. Nan ƙasa ce, kuma ta shaida bayanka.”

Yashin kuwa yana nan manne da zufa daga wuyansa har ƙugu. Baƙi sunka mai da sandunansu. Samarinmu sunka bar fili gaba ɗaya, taubashina a gabansu.

Washegari da hantsi maigari ya zo gidan kawu, ya same shi yana tufkar igiya a inuwar rumbu. Ina wurin, innata ta aiko ni da fura. Maigari ya ce samari sun rantse ba za su sake ɗaura walki ba in kawu ne a tsakiya. Ya ce ba sai ya ce ɗansa ya ci ba, ya dai ce canjaras anka yi, kowa ya huta. Kawu bai bar tufka ba. Ya ce, “Ranka ya daɗe, hannun nan sau ɗaya yake tashi.” Maigari ya ce to za a nemi wani. Kawu ya ce a nema.

Anka nemo. Sabon alƙalin har da usur ya sayo daga Konni. Sai dai ba wanda ya san inda kokowa ke ƙarewa: wanda ya kayar ya ce an gama, wanda anka kayar ya ce ba a ƙirga ba, mai usur ya yi ta busa har jijiyar wuyansa ta fito. Baƙi sunka daina zuwa. Wa zai zo ya juya mana baya? Makaɗa ma sunka bi baƙin. Taubashina ya tafi ci-rani Ikko, ci-ranin da ya cinye damuna da yawa. Innata ta je ta yi wa yayanta faɗa, ta ce ya sayar da ɗansa saboda baƙon da ko sunansa bai sani ba. Kawu ya saurara har ta gaji, ya tambaye ta ko ta shuka kuɓewa bana.

Ni ma na yi nawa yaƙin. Tun daga ranar, duk ƙaton da ya kama abin magana a tele, fassara ɗaya nake ba shi: “Ya ce dattijon nan ya yi gaskiya.” Tulu ya faɗa, Mai Takunkumi ya faɗa, har Mai Gashin Mata ya faɗa da hawaye. Mai kanti ya kore ni daga zaure. Tun daga nan garin bai sake samun tafinta ba, kuma ban ji sun fahimci ƙasa da da ba.

Kawu bai sake tsayawa a filin garinmu ba. Amma duk kaka sai ga amalanken jaki daga garin baƙon nan, daga baya har daga wajen Illela, an zo ɗaukarsa ya raba musu kokowa. Ya riƙa ratsa tsakiyar gari a zaune kan amalanke, ya miƙe wuya kamar sabon hakimi, yana gaida kowa da kowa, musamman mai usur. Haka har idonsa ya yi rauni. Ɗansa ya dawo kafin kawu ya rasu. Sun ci tuwo a akushi ɗaya, sun yi noma a gona ɗaya, amma maganar yashin nan ba wanda ya ɗaga ta, ba kuma wanda ya janye tasa.

Yau filin namu an gina shagunan cajin waya a kai. Jikokina suna kallon kokowar Turawa a tafin hannunsu, mai launi, har da wuta da hayaƙi. In na yi magana sai su ce, Kaka, ai duk shiri ne, tun kafin a shiga an san mai ci. Suna faɗin haka kamar sun kawo mini ilimi. To in shiri ne, me ya sa kuke tsalle har kuna zubar mini da shayi? Ni ban hana kowa kallo ba. Ina kallo ma, don ƙattin suna da dabara, ba a hana su wannan. Amma kada a kira shi kokowa a gabana. Kokowa ita ce wadda ake nuno mana daga garuruwan ƙasar nan kowace shekara, inda ƙato ke faɗuwa sau ɗaya ya koma gida ya jira baɗi.

Taubashina yana nan da ransa, gemu fari fat, gwiwa ta ƙi. Har gobe cewa yake shi ya ci. Cikin daminar nan, mun fito daga sallar azahar bayan an ɗauke ruwa, santsi ya kwashe shi a ƙofar masallaci. Ya zauna daɓas, sa'an nan bayansa ya bi, cikin taɓo, gaban liman da kowa. Na tsaya a kansa na gyara hula. Ya dube ni daga ƙasa ya ce, “Ɗan mace, ƙirga mana, tun da Allah ya ba ka abin da ka daɗe kana roƙo.”

Na ce masa ni ba na ƙirga wa mutum. A garin da na tashi, abu ɗaya ake yi wa wanda ke ƙasa. Na miƙa masa hannu.

Ya kama, ya riƙe da kyau, sai na ji tsohon banzan ya fizgo ni da duk ƙarfin da ya rage masa, wai in bi shi cikin taɓon. Amma na san wa nake ba hannu, na riga na kafa ƙafa. Liman shaida ne, ladan shaida ne. Ban faɗi ba.